Tasirin Kwamfuta a Kan Zayyanar Ɗab'i: Sauyin Aiki da Sauyin Ra'i

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ɗauki littafi ko jarida ko kwalin magani ya karanta, to, ya ci moriyar aikin mutum biyu ne, ko ya sani ko bai sani ba. Na farko shi ne wanda ya rubuta maganar. Na biyu kuwa shi ne wanda ya yanke shawarar kamannin da maganar za ta fito da su: girman haruffa da salonsu, da faɗin layi, da tazarar da ke tsakanin layi da layi, da inda hoto zai zauna, da inda za a bar fili fari domin ido ya huta. Aikin wannan mutum na biyu shi ne Turawa ke kira girafik dizayin, sunan da akan danganta fara amfani da shi ga wani Ba'amurke, W. A. Dwiggins, a 1922. A cikin wannan takarda zan kira aikin zayyanar ɗab'i, mai yin sa kuma mai zayyana. Na san sunan bai cika ba, tun da yake yanzu da yawa daga cikin aikin ba ya kaiwa ga ɗab'i, a fuskar waya yake farawa a can kuma yake ƙarewa, amma ban sami wanda ya fi shi ba, kuma wannan gazawa ta sunan wani yanki ce na abin da za mu tattauna.

Manufar takardar ita ce ta duba abu biyu. Na ɗaya, yadda shigowar kwamfuta ta sauya aikin hannun mai zayyana. Na biyu, yadda ta taɓa ra'in aikin, watau tunanin da masana suka gina game da abin da ke sa zayyana ta yi kyau ko ta yi muni. Za mu fi tsayawa a Amurka da Turai daga 1984 zuwa tsakiyar shekarun 1990, domin a can ne kuma a lokacin ne aka yi wannan juyi, sa'an nan mu dubi inda ya shafi rubutun Hausa. Abin da ya sa na ga batun ya cancanci a kawo shi gaban wannan taro shi ne, mu da ke koyarwa a kwalejojin ilimi muna horar da malaman da za su koya wa yara zane, kuma gardama ta daɗe a tsakaninmu a kan ko lokaci ya yi da za a jingine koyar da rubutun hannu da buroshi a miƙa komai ga kwamfuta. Ba za a iya raba wannan gardama ba sai an san abin da kwamfutar ta kawo da abin da ta ɗauke.

2.0 Yadda aikin yake kafin kwamfuta

Tun daga zamanin Gutenberg a birnin Mainz na Jamus, wajen 1450, har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, harafi abu ne da ake iya riƙewa a hannu, ɗan guntun dalma da aka haɗa da kuza da ma'adinin tozali. Mai jera haruffa yakan tsinto su ɗaya bayan ɗaya daga cikin akwati ya jera su a juye. A 1886 jaridar New York Tribune ta fara aiki da injin Linotype na Ottmar Mergenthaler, wanda ma'aikaci ke danna maɓallansa 90 shi kuma ya zuba narkakkiyar dalma ya fitar da layi guda sukutum. Injin ya ƙara sauri ƙwarai, amma harafi yana nan a matsayinsa na ƙarfe.

Abin lura a nan shi ne, ƙarfe yana da sharuɗɗansa. Haruffa biyu ba za su hau kan juna ba, domin ƙarfe biyu ba sa zama wuri ɗaya. Layi dole ya miƙe, domin a cikin firam mai kusurwa huɗu ake ɗaure shi. Maɗaba'ar da ke da haruffa masu girman lamba 10 da lamba 12 ba ta iya ba ka lamba 11, ko da nawa za ka biya. Da yawa daga cikin ƙa'idojin da aka koya mana a matsayin ƙa'idojin kyau, in aka bi salsalarsu, sai a tarar sharuɗɗan ƙarfe ne da suka daɗe har aka manta asalinsu.

Daga shekarun 1950 zuwa na 1970 jera haruffa da haske ya maye gurbin dalma: ana haska siffar harafi ta cikin fim ta sauka a kan takardar hoto. A wannan zamani mai zayyana yakan ƙidaya haruffan rubutun da aka ba shi, ya lissafa filin da za su ci, ya rubuta umarni a gefen takarda ya aika wa kamfanin jera haruffa, ya jira kwana ɗaya ko biyu. In dogayen takardun suka dawo sai ya sa reza da gam ya yanka ya manna a kan kwali. Daga nan kwalin ya wuce wurin mai kyamara, da mai rarraba launi, da mai yin farantin bugu, kafin ya isa ga mai inji. Kuskure ɗaya a lissafi yana nufin sabon biya da sabon jira. Saboda haka dole mai zayyana ya gama ganin shafin a zuciyarsa kafin ya taɓa komai, kuma dole ya iya bayyana wa wasu mutane abin da yake so da kalmomi da lambobi.

3.0 Abin da ya faru a 1984 da 1985

Kwamfuta ta daɗe tana zane kafin wannan lokaci. Ivan Sutherland ya nuna manhajarsa ta Sketchpad a 1963, kuma cibiyar bincike ta kamfanin Xerox a Kalifoniya ta ƙera kwamfutar Alto a 1973. Sai dai waɗannan ba su fita daga ɗakunan bincike sun isa teburin mai zayyana ba. Abin da ya kawo juyin shi ne haɗuwar abubuwa huɗu cikin ƙasa da shekara biyu.

A Janairun 1984 kamfanin Apple ya fitar da Macintosh a kan dala 2,495, 'yar ƙaramar kwamfuta mai fuska baƙi da fari ta inci 9, wadda ake sarrafawa da linzami, kuma abin da mutum ya gani a fuskarta shi ne kusan abin da zai fito a takarda. A shekarar ce kuma kamfanin Adobe, wanda John Warnock da Charles Geschke suka kafa a 1982, ya fito da PostScript. A 1985 Apple ya fitar da firintar LaserWriter a kan dala 6,995, mai buga ɗigo 300 a kowane inci, sa'an nan kamfanin Aldus na Paul Brainerd ya fitar da manhajar PageMaker ta tsara shafi.

Daga cikin huɗun nan PostScript ne ya fi buƙatar bayani, domin shi ne ba a gani da ido. Harshe ne na lissafi da ake siffanta shafi da shi. Maimakon a adana harafi a matsayin hoto, sai a adana bayanin gefensa: layi ya tashi daga wuri kaza, ya lanƙwasa ta wajen kaza, ya sauka a wuri kaza. Kowace lanƙwasa ɗigo huɗu ne ke tantance ta, biyu a bakinta biyu kuma suna jan ta, bisa lissafin da aka sa wa sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yi amfani da shi wajen zana jikin mota. Tun da harafi ya koma lissafi, ana iya ninka shi ya cika bango ko a rage shi ya zama ƙwayar gero, a karkata shi, a miƙe shi, a ɗora shi a kan wani. Haka kuma fayil ɗin da aka gwada a firintar ofis shi ne za a kai wa injin Linotronic 300 ya fitar da shi da ɗigo 2,540 a inci, ingancin da maɗaba'a ke buƙata. Manhajojin da suka biyo baya, Illustrator da QuarkXPress a 1987, CorelDRAW a 1989, Photoshop a 1990, duk a kan wannan turba suka hau.

Ko a nan ma an yi wata asara da ba a lura da ita da wuri ba. Maƙeran haruffa na da ba sa zana harafi ɗaya su rage girmansa. Ƙaramin harafi sukan buɗe cikinsa, su kaurara siraran layukansa, domin kada ya dushe a ido, babba kuwa su sirance shi. Da aka koma zane guda ga kowane girma sai wannan hikima ta faɗi, littattafai da dama suka riƙa fitowa da rubutu siriri mai gajiyar da mai karatu. An yi ta ƙoƙarin maido da ita, har zuwa 2016 da manyan kamfanonin kwamfuta suka amince da tsarin haruffa masu sauya siffa a cikin fayil guda.

Ta fuskar aiki, babban sauyin shi ne gwaji ya yi arha. Abin da a da ke cin kwana biyu da kuɗi ya koma danna maɓalli, in bai yi ba a janye. Sauyi na biyu shi ne sana'o'in da muka lissafa a baya sun taru a kan teburi guda. Wannan bai zo da sauƙi ga masu sana'o'in ba. Jaridar New York Times ta yi bugunta na ƙarshe da dalma a Yulin 1978. A Ingila, cikin Janairun 1986, Rupert Murdoch ya kwashe jaridunsa, har da The Times da The Sun, zuwa sabuwar maɗaba'a mai aiki da kwamfuta a unguwar Wapping ta Landan, aka sallami ma'aikata fiye da 5,000 da suka shiga yajin aiki, aka shekara ana tarzoma, daga ƙarshe ƙungiyoyin ma'aikatan suka sha kaye. A Amurka ƙungiyar masu jera haruffa, wadda aka kafa tun 1852, ta narke cikin wata ƙungiyar a ƙarshen 1986. Mutanen nan su ne ke riƙe da sanin inda ake raba kalma a ƙarshen layi, da tazarar da ta dace bayan aya, da gyaran kuskuren marubuci. Da suka tafi, nauyin ya faɗo kan mai zayyana, wanda sau da yawa ba a taɓa koya masa ba.

4.0 Gardamar ra'i

Kafin kwamfuta, ra'in da ya yi rinjaye a makarantun zayyana shi ne wanda za mu iya kira ra'in bayyanawa. A wata lacca da ta yi a Landan a 1930, Beatrice Warde ta kamanta kyakkyawan ɗab'i da kofin gilashi garai-garai, wanda ke nuna abin shan da ke cikinsa ba tare da ya jawo ido ga kansa ba. Jan Tschichold a littafinsa na 1928 kan sabon tsarin haruffa ya yi kira da a yar da ado a riƙi tsabta da tsari. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu zayyana na Suwizalan suka kai wannan ra'i ƙarshensa: a raba shafi gida-gida kamar gidan dara, kowane abu ya zauna a gidansa, a yi aiki da haruffa marasa ado irin su Helvetica na 1957. Josef Müller-Brockmann ya tattara wannan koyarwa a littafinsa na 1981. A wannan ra'i mai zayyana ɗan aike ne, kuma ɗan aike nagari ba ya ƙara gishiri a saƙo.

Akan ce kwamfuta ce ta rushe wannan ra'i. A ganina maganar tana buƙatar gyara. Wolfgang Weingart ya fara karya ƙa'idojin Suwizalan a makarantar Basel tun ƙarshen shekarun 1960, da dalma da fim, babu kwamfuta. A makarantar Cranbrook ta Amurka, inda Katherine McCoy ta jagoranci sashen zayyana daga 1971, ɗalibai sun riga sun shiga karanta masanan adabi na Faransa masu cewa ma'ana ba a hannun marubuci kaɗai take ba, mai karatu ma yana gina ta. Tunanin tawaye ya riga inji zuwa. Abin da kwamfuta ta yi shi ne ta sauke farashinsa. Gwajin da Weingart zai kwana yana yi a ɗakin duhu ya zama abin da ɗalibi zai yi kafin azahar, kuma abin da ya zama mai arha yakan yaɗu.

Misali mafi bayyana shi ne mujallar Emigre, wadda Rudy VanderLans, mutumin Holan, da matarsa Zuzana Licko, haifaffiyar Cekoslobakiya, suka gudanar a Kalifoniya daga 1984 zuwa 2005. Manyan masu zayyana na lokacin sun raina Macintosh saboda haruffansa masu gefe kamar matakala. Licko kuwa sai ta karɓi wannan aibi ta mai da shi salo, ta zana haruffa irin su Emperor da Oakland daga ɗigo-ɗigon fuskar kwamfutar. Da aka ce ba sa karantuwa, ta amsa da hujjar da har yau ake juyawa, cewa sauƙin karanta harafi sabo ne ke kawo shi, abin da mutane suka fi yawan gani shi suka fi iya karantawa, kuma baƙaƙen haruffan Jamus na da, waɗanda ke yi mana wuya yanzu, sun kasance masu sauƙi ga mutanen zamaninsu. Mu da muka tashi da rubutu biyu ba za mu yi saurin ƙaryata ta ba. Almajirin da ya saba da rubutun allo yana gudu a cikinsa, alhali ɗan boko yana ganin layukan sun cakuɗe.

A 1986 April Greiman, wadda ta yi karatu a Basel, ta karɓi aikin fitowa ta 133 ta mujallar Design Quarterly, maimakon shafuka sai ta mai da ita fosta guda mai tsawon kusan ƙafa 6, ɗauke da hoton kanta da aka ɗauka da kwamfuta, rubutu da alamomi suna hawa kan juna. David Carson ya kai abin maƙura a mujallar kiɗa ta Ray Gun, wadda ta fara fita a 1992. A 1994 ya ga wata hira da mawaƙi Bryan Ferry ba ta da armashi, sai ya jera ta gaba ɗaya da Zapf Dingbats, watau alamomin taurari da kibiyoyi da furanni waɗanda ba haruffa ba ne. Ɗan aike ke nan ya buɗe wasiƙa, ya karanta, ya yanke hukuncin ba ta cancanci a isar ba.

Martani bai yi jinkiri ba. A 1993 Steven Heller ya rubuta wata maƙala a mujallar Eye ta Landan yana zargin sabon salon da ɗaukaka muni, Massimo Vignelli kuma, ɗaya daga cikin jigogin tsohon ra'i, ya yi ta sukar Emigre a bainar jama'a. A 1996 Michael Rock ya tayar da tambayar ko mai zayyana ya cancanci a kira shi mawallafi. Idan muka cire zafin baki, gardamar a kan abu ɗaya take: shin siffar rubutu tana iya zama ba ruwanta da ma'ana? Tsohon ra'i ya ce tana iyawa kuma ya kamata. Sabon ya ce babu siffar da ba ta magana, tsabtar Helvetica ma magana ce, muryar banki ce da kamfani da hukuma.

Nawa ra'ayin shi ne sababbin sun yi gaskiya a wannan batu, amma sun yi kuskure a abin da suka gina a kansa. Gaskiya ne babu harafin da ba shi da murya. Wannan bai ba mai zayyana izinin ya danne muryar marubuci da tasa ba, balle ya manta da wanda ke neman adadin ƙwayar da zai ba yaro a jikin kwalin magani. Mujallar kiɗa tana iya ɗaukar wasan Carson domin mai sayenta ya zo kallo ne. Yawancin abin da ake bugawa a duniya ba na kallo ba ne.

5.0 Da shafi ya rasa girmansa

Gardamar ba a raba ta ba, ƙasa ce ta zame a ƙarƙashin masu yin ta. Dukansu, tsofaffi da sababbi, sun ɗauka shafi yana da faɗi da tsawo sanannu, kuma abin da mai zayyana ya ajiye nan zai tsaya. Da yanar gizo ta bazu a shekarun 1990 sai wannan ya kau. Mai zayyana bai san girman fuskar da za a karanta aikinsa a kai ba, bai ma san ko salon haruffan da ya zaɓa yana cikin kwamfutar mai karatu ba. Tsarin CSS na 1996 ya raba rubutu da umarnin kamanninsa, a shekarar kuma Microsoft ya fitar da Verdana na Matthew Carter, wanda aka zana musamman domin fuskar kwamfuta. Bayan fitowar iPhone a 2007, Ethan Marcotte ya bayyana a 2010 hanyar da shafi zai riƙa sake jera kansa gwargwadon faɗin abin da aka buɗe shi da shi. Abin mamaki, sai ga gidan daran Suwizalan ya dawo, domin shi ne ya fi sauƙin miƙewa da tsukewa. Mai zayyana ya koma rubuta ƙa'idojin da inji zai bi, kusan kamar yadda kakansa ke rubuta umarni a gefen takarda.

Sa'an nan awo ya shigo. A 2009 Douglas Bowman ya bar aikinsa na babban mai zayyana a Google, ya kuma bayyana cewa kamfanin ya gwada launin shuɗi iri 41 a kan masu amfani da shi domin a ga wanda aka fi dannawa. Tambayar da ta taso ita ce, in ana iya ƙidaya abin da mutane suka danna, mene ne sauran amfanin idon gwani? Amsar da zan bayar ita ce ƙidaya tana zaɓa ne daga cikin abin da aka ajiye mata, ba ta san abin da ba a kawo ba. Manhajar Canva ta 2013 ta ba kowa shiryayyun samfura, daga 2022 kuma manhajoji irin su Midjourney suka fara fitar da hoto daga jimlar da aka rubuta musu, har ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya yanke a 2023 cewa irin wannan hoto ba shi da kariyar da aikin ɗan Adam ke da ita.

Akwai kuma batun ɗorewa. Haruffan dalma na shekara ɗari da suka wuce har gobe suna bugu in an shafa musu tawada. Amma a Janairun 2023 Adobe ya daina karɓar haruffan PostScript na asali a manhajojinsa, su da suka kawo juyin tun farko, kuma tun 2013 sababbin manhajojin kamfanin hayarsu ake yi wata-wata. Maƙerin da ke hayar uwar maƙera ba daidai yake da mai tasa ba.

6.0 Haruffa masu ƙugiya

A nan ne batun ya iso ƙofar gidanmu. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a 1939 ta saba wa jama'a da su. A zamanin dalma matsalarsu ta kuɗi ce kawai: maɗaba'a ta sayi uwayen haruffan, shi ke nan. A shekarun 1980 an yi ƙoƙarin samar da salon haruffa guda ga harsunan Nijeriya, mai suna Pan-Nigerian, wanda Hermann Zapf ya sa hannu a zanensa, shi dai Zapf ɗin da Carson ya yi wasa da alamominsa.

Kwamfuta kuwa da ta zo, da tsarin lambobin ASCII na 1963 ta zo, mai gurbi 128 kacal, waɗanda aka yanka daidai jikin Ingilishi. Saboda haka a shekarun da rubutun Hausa ya fi bunƙasa, lokacin da littattafan marubutan Kano suka cika kasuwa kuma shagunan buga takardu suka bazu, sai masu bugu suka shiga dabaru. Wasu suka yar da ƙugiyar ɗungum, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, ɓata ya koma bata. Wasu suka gyara salon haruffa da kansu suka ɗora ƙ a gurbin wata alama, wanda ke aiki a kwamfutarsu kaɗai, in fayil ya je wata sai ya rikiɗe. Tsarin Unicode, wanda ya fara fita a 1991, ya ba kowane harafinmu lambarsa, har da ƴ da ake amfani da shi a Nijar. Ajami ya fi daɗewa yana jira, sai a 2020 aka ƙara wasu baƙaƙen da Hausa ke buƙata, ko da yake ƙungiyar SIL ta fitar da salon Alkalami wanda aka zana bisa rubutun hannu na Kano.

Sai dai samun lamba daban, samun zane daban. Dubban salon haruffan da ake yayi ba su da ƙugiya, domin waɗanda suka zana su ba su san da mu ba. Na ga wannan da idona a wani littafin sashenmu da muka kai wata maɗaba'a: an zaɓi salo mai kyau, amma duk inda ƙ ko ɗ ya faɗo sai manhajar ta aro shi daga wani salon, ya fito ya fi 'yan'uwansa kauri kamar baƙo a cikin sahu, kuma ba wanda ya lura sai da aka ɗinke kwafe ɗari biyar. Ra'in kofin gilashi bai taɓa fuskantar wannan tambaya ba, domin masu shi ba su taɓa buɗe akwati suka tarar babu harafin harshensu a ciki ba.

7.0 Abin da ya shafi aji

Na lura a ajina cewa in na ba ɗalibai aikin fosta na bar su suka fara daga kwamfuta, ayyukan sukan fito kamar 'ya'yan uwa ɗaya, domin daga samfuri guda suka tashi, kuma na farkon da ya yi kyan gani a nan suke tsayawa. In na hana su taɓa ta sai kowa ya kawo ƙananan zane goma da fensir, sai bambanci ya bayyana. Fuskar kwamfuta tana sa ɗanyen tunani ya yi kama da gamammen aiki, fensir kuwa ba ya yi wa kowa wannan alfarma. Ban ce a koma reza da gam ba, wannan zamani ya wuce kuma ba a yi asarar wahalarsa ba. Abin da nake ba da shawara shi ne a bar rubutun hannu da buroshi a zangon farko, a ɗora masa darasin da masu jera haruffa suka tafi da shi, watau tazara da raba kalma da gyaran bugu, sa'an nan a zango na biyu a ba kowane ɗalibi salon haruffa guda daga cikin waɗanda lasisinsu ya yarda a gyara, a ce ya zana masa ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, manya da ƙanana, ya jera sakin layi guda na Hausa da su, ya buga, a manna a bango a tsaya nesa a duba ko ƙugiyar ta zauna.